Tambaya da Amsa: Jarin Fara Aikin Ado da Keke a Gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Unguwar Rogo da ke Jos, ina ɗinkin atamfa da keken Butterfly, kuma ina son fara yi wa mayafai da rigunan yara aikin ado a cikin gida. Na kusa ɗaukar adashe. Wane keke zan saya, kuma me zan tanada bayansa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya sanya albarka a wannan niyya. Abin da nake ji miki tsoro shi ne ki zuba adashen gaba ɗaya a kan keke, ki kawo shi gida ki lulluɓe da zane domin babu kuɗin zare. Shawarata ita ce ki ware kashi ɗaya cikin uku na kuɗin domin abubuwan da ke biyo baya.

Kekunan iri biyu ne a gabanki. Akwai wanda teloli ke kira 20U, mai ɗinkin zigzag, wanda hannunki ne ke juya yadin, ƙwarewarki kuma ita ce ke fitar da zanen. Ya fi araha, kuma makanikansa da kayan gyaransa ba su da wuyar samu a wajajen Taminus. Sai na kwamfuta, irin na Brother ko Janome, wanda ake saka masa zane ta filashi ya ɗinka da kansa. Farashinsa yana bin dala, musamman tun da aka saki darajar naira a 2023, don haka ki zagaya shaguna a makon da za ki saya.

Idan na kwamfuta kika zaɓa, ki fara tambayar girman firam ɗin da ke ɗaure yadi kafin ki tambayi farashi. Ƙananan kekuna suna ɗinka inci 4 a kan 4 ne kawai, wanda ya isa rubuta suna ko fure a gefen mayafi, amma ba zai ɗauki wuyan kaftani a zama ɗaya ba. Mai inci 5 a kan 7 ya fi ba da sarari. Ki kuma duba wutarsa, domin na hannu da aka kawo daga Amurka yawanci na bolt 120 ne, tamu kuwa 230, sai an haɗa shi da taransifoma. Ko da sabo ne, kada ki jona shi ba tare da na'urar daidaita wuta ba, domin allon cikinsa idan ya ƙone, gyaransa yana da tsada ƙwarai.

Sauran kuɗin zai tafi a zaren aiki launi-launi, da zaren ƙasa, da allurai masu lamba 75/11, da takardar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin yadi don kada ya tattare. Zanen da ake saka wa na kwamfuta ma sayensa ake yi, kuma kowane keke da nau'in fayil ɗin zanen da yake karantawa: Brother da wanda ake kira PES yake aiki, Janome da JEF.

Tunda hannunki ya saba da keke, ni dai 20U nake ba ki shawara, tare da biyan kuɗin koyo wurin wadda ta ƙware. Ki saya bayan Babbar Sallah, ki yi ta gwaji a kan ƙyallaye, yadda kafin azumi ya zagayo kin isa karɓar shaddar mutane.