Cloudlifter ko FetHead ga mai SM7B? Ga abin da na gani

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa ka sayi makirfon Shure SM7B ka haɗa da Scarlett 2i2, akwatin da ke shigar da sautin makirfo cikin kwamfuta, amma murya na fita ƙasa-ƙasa, in ka murɗa geyin, wato maɓallin ƙara ƙarfin sautin makirfon, har ƙarshe kuma sai shuuu ta cika rikodin, wai wace busta, wato 'yar na'urar da ke ƙara wa makirfo ƙarfi, za ka saya, Cloudlifter ko FetHead. Toh ni duka biyun sun ratsa hannuna.

Matsalar daga makirfon ne ba wai ya lalace ba, haka aka yi shi, yana son geyin wajen 60 dB (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan), Scarlett ɗin ƙarni na 3 kuma 56 ne iyakarta, shi ya sa kake shaƙe ta. Cloudlifter CL-1 na ƙara har 25 dB, FetHead na Triton 27, Dynamite na sE 28. Wallahi kar lambobin nan su ruɗe ka, na yi rikodin karatu ɗaya da Cloudlifter da FetHead na ba abokin aikina hedifon ya kasa cewa ga wannan ga wancan.

Inda suka bambanta a wajena wajen haɗawa ne. Cloudlifter akwati ne, sai ka nemi wayar makirfo (XLR) ta biyu, ga tsada. FetHead kuwa a gindin makirfon kake soka shi kai tsaye shikenan, sai dai yana ƙara tsawo, nawa har ya riƙa tokarar ƙarfen da ke riƙe makirfon sai da na sa guntuwar waya a tsakani. In aljihu ba nauyi akwai Klark Teknik CT 1, shima 25 ne kuma yana aiki.

Duk cikinsu sai ka kunna maɓallin 48V na jikin Scarlett ɗin, shi ke ba bustar wuta, ranar farko na fi rabin awa ina zargin an sayar min da jabu ashe maɓallin ne ban danna ba. Kuma wutar a bustar take tsayawa, don haka in makirfon kondensa gare ka, irin wanda shi kansa ke buƙatar wutar 48V, ba zai ma tashi ba.

Abin da ba a faɗa wa mutane, busta ba ta san muryarka daban ƙarar janareton maƙwabta daban ba, duka take ɗagawa har fankar sama. Ka fara matso da bakinka kamar yatsu uku daga makirfon, ka kashe fanka ka gwada tukuna. Kuma duba min 2i2 ɗin taka, in ƙarni na 4 ce tana kai 69 dB, riƙe kuɗinka kawai.