Ina ake samun baitukan waƙoƙin gargajiya a intanet?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ni malamar firamare ce, ina so in koya wa yarana waƙoƙin gaɗa da na tashe, har da ɗan abin da ya sauwaƙa na tsofaffin makaɗa. Na duba intanet har na gaji, in na samu sautin babu baitukan, in na samu baitukan kuma ban san yadda ake rera su ba. Don Allah ina zan dosa?

Amsa: Wa'alaikumus salam malama, Allah ya ba da lada. Gaskiya abu biyu kika haɗa, kuma hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Na makaɗa ba wuya. Shata, Ɗanƙwairo, Narambaɗa, Ɗan Maraya Jos, Barmani Choge, duk suna nan a YouTube, galibi daga tsofaffin kaset aka kwafo shi ya sa za ki ji sautin wani yana shuuu. Abin da ke kayar da mutane rubutun suna ne. Yawancin masu ɗorawa ba sa amfani da ƙ da ɗ, to ki rubuta Dankwairo, ki sake gwada Dan Kwairo a rabe, haka Narambada. In kin manta sunan waƙar ki rubuta amshinta, don yawanci da amshin ake kiranta dama, ko sunan sarkin da aka yi wa.

Baitukan ne matsalar. Waɗanda ake liƙawa a Facebook kar ki saki jiki da su wallahi, musamman na makaɗan ƙasar Sakkwato da Zamfara. Narambaɗa mutumin Tubali ne wajen Isa, Ɗanƙwairo kuma na Maradun, Sakkwatanci suke yi tsantsa, sai yaron da ya tashi a Kano ya saurara ya ji "shina" ko "ɗiya" ko "yat tahi" ya gyara musu zuwa Hausar da ya sani, wani wurin ma in bai ji ba sai ya cike da tasa kalmar, wani ya kwafa, wani ya ƙara kwafa, a haka kuskuren ke zama kamar shi ne asali. Ga kuma 'yan amshi da ke shigowa kan muryar ubangidansu, ga kotso ko taushi yana tashi. Ni abin da nake yi, in sa abin kunne, in rage gudun bidiyon zuwa 0.75, in riƙa tsayarwa ɗa bayan ɗa, wato baiti bayan baiti, ina rubutawa da biro. Yana cin lokaci kam, amma kafin ki gama karin ya zauna miki a ka. Don tantancewa ki nemi littattafan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, ya yi aiki sosai wajen rubuta waƙoƙin baka, ki tambaya a sashen Hausa na kowace jami'a ko kwalejin ilimi da ke kusa da ke. Kundayen ɗaliban Hausa ma sukan sa cikakken matanin waƙa a rataye can ƙarshe, wasu ana samunsu a intanet.

Gaɗa da tashe kuwa, a nan intanet ba ta da ƙarfi. Waƙoƙin nan ba su da mai su, kuma ba a cika naɗar su a da ba kamar yadda gidajen rediyo suka naɗi makaɗan fada. Abin da za ki fi gani shi ne wanda aka yi wa kiɗan fiyano a situdiyo, karin ya canza. Bidiyon tashe kan fito da yawa in azumi ya kai goma, lokacin ne ya kamata ki duba ki sauke. Kuma kar ki wahalar da kanki neman "na daidai", yadda 'yan matan Katsina ke yin waƙa daban da na Zariya ko Damagaram, duk kuma daidai ne.

Ki nemi tsofaffin mata biyu ko uku a unguwarku, ki roƙe su su yi miki tare, don gaɗa sai da mai bayarwa da masu amshi da tafi, ki naɗa a waya da izininsu. Sai dai ki tace kafin ki kai aji, wasu baitukan akwai habaici da zambo da ba na yara ba.