Tambayoyinku kan Fasaha: Tsara Tafiya da Motar-Gida a Gandun Dajin Tsaunukan Amurka

Tambayoyin wannan mako sun zo ne daga 'yan'uwa mazauna Amurka, kuma dukkansu sun shafi tafiya da irin babbar motar nan mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki, wadda can ake kira RV, mu kuma za mu kira ta motar-gida.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Denver da iyalina, kuma mun yi niyyar ɗaukar hayar motar-gida mai tsawon ƙafa 32 a lokacin hutun yara, mu bi ta gandun dajin Rocky Mountain, mu wuce Grand Teton da Yellowstone, mu ƙare a Glacier. Na riga na zana hanyar a Google Maps. Wannan ya wadatar, ko akwai abin da ya rage?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai abin da ya rage, kuma shi ne babba. Manhajar Google Maps ba ta tambayar tsawon motarka ko tsayinta ko nauyinta, don haka duk hanyar da ta zana maka, ta zana ta ne da zaton kana tuƙa ƙaramar mota. Abin da take nema shi ne hanyar da ta fi saurin kai ka, ko da kuwa hanyar tana da gadar da rufin motarka ba zai shige ƙarƙashinta ba, ko kwanar da mota mai ƙafa 32 ba za ta iya sha ba.

Ka duba ƙarshen tafiyar taka. Shahararriyar hanyar da ta ratsa gandun Glacier a jihar Montana, wato Going-to-the-Sun Road, tsawonta ya kai kimanin mil 50, tana haurawa har mashigin Logan mai tsayin ƙafa 6,646. An sassaƙa ta ne a jikin dutse, aka kammala ta a farkon shekarun 1930, zamanin da motoci ba su kai girman na yau ba. A kan wannan hanya, tsakanin wurin da ake kira Avalanche ta yamma da Rising Sun ta gabas, doka ta hana duk motar da ta wuce ƙafa 21 a tsawo ko ƙafa 8 a faɗi, kuma ana haɗawa da bamba da madubin gefe wajen awon. Motarka ta zarce iyakar da ƙafa 11. Hanyar da ta dace da kai ita ce babbar hanya mai lamba 2, wadda ta zagaye gandun ta kudu ta mashigin Marias, sa'an nan ka ajiye motar a sansani, ku hau motocin jigilar da ke aiki a lokacin zafi ko jajayen motocin yawon buɗe ido da suka daɗe a gandun, ku ga tsaunukan hankali kwance.

Haka abin yake a farkon tafiyar. A gandun Rocky Mountain akwai tsohuwar hanya marar kwalta mai suna Old Fall River Road, wadda aka hana motar da ta wuce ƙafa 25 bi, saboda haka ka cire ta daga lissafi. Trail Ridge Road, mai tsawon mil 48 tsakanin garuruwan Estes Park da Grand Lake, manyan motoci suna binta, amma tana kaiwa tsayin ƙafa 12,183, kuma akwai wuraren da babu shinge a gefenta. Injin fetur da ba shi da turbo, wato na'urar da ke tura wa injin ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa dubu da aka haura, wanda ke nufin a can ƙololuwa motar za ta rasa kusan sulusin ƙarfinta. Za ka taka totur har ƙasa ka ji tana nishi tana tafiya a hankali, kuma wannan ba lalacewa ba ce, ƙarancin iska ne. Idan wannan ne karonka na farko da tuƙa mota mai wannan girma, ni dai shawarata ita ce kada ka fara koyo a kan wannan hanya.

Kafin ka sake buɗe kowace manhaja, ka samu tef na awo da tsani a ranar da za a miƙa maka motar. Ka tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ɗora doguwar sanda a kwance a kan abin da ya fi kome tsayi a rufin, wanda galibi akwatin na'urar sanyaya ɗaki ne ko eriya, wani ya auna daga bakin sandar zuwa ƙasa. Ka auna faɗi daga madubi zuwa madubi, ka auna tsawo har da mariƙin kekuna idan akwai shi a baya. Bayan kun loda kaya kun cika tankin ruwa, ka hau sikelin manyan motoci da ake samu a gidajen mai na 'yan tirela, irin na CAT Scale. Waɗannan lambobi huɗu ka rubuta su da manyan baƙaƙe a takarda, ka manna kusa da sitiyari, domin idan allon iyakar tsayin mota ya bayyana gabanka ɗauke da "12 ft 6 in", wato ƙafa 12 da inci 6, kana gudun mil 50, ba ka da lokacin yin tunani.

Tambaya: Malam, wanne ya fi: in sayi na'urar GPS ta musamman don manyan motoci, ko in sauke manhaja a wayata?

Amsa: Duka biyun suna aiki, muddin abin da ka zaɓa yana karɓar awon mota. Kamfanin Garmin yana da jerin na'urorin da ya keɓe wa motar-gida, inda tun a farko za a nemi ka shigar da tsayi da faɗi da tsawo da nauyi, daga nan na'urar ta riƙa kauce wa hanyoyin da ba su dace ba, tana kuma gargaɗi kan gangara mai tsanani da kwana mai kaifi. Taswirar tana cikin na'urar, ba ta jiran intanet. A waya kuma akwai CoPilot GPS da RV LIFE, waɗanda ake biyan kuɗin rajista, da OsmAnd da ke amfani da bayanan OpenStreetMap, wadda ita ma ana iya saka mata iyakar tsayi da nauyi. Wanda ya mallaki motar kuma yake yawan tafiya, na'urar ta cancanci kuɗinta, ko don wayar da aka ajiye a gaban gilashi tana yin zafi da rana har ta rage haske ko ta kashe kanta. Wanda ya ɗauki haya na mako biyu, manhaja ta ishe shi.

Sai dai ka sani cewa na'urar ba ta ganin hanya. Bayanan da wasu suka shigar kawai take karantawa, kuma bayanan kan tsufa. Idan allon gefen titi ya saɓa da muryar da ke cikin na'ura, allon za ka bi. Akwai kuma hanyoyin da doka ba ta hana ka bi ba, amma hankali ya hana. Mashigin Teton, a kan hanya mai lamba 22 tsakanin jihar Idaho da garin Jackson, yana da gangarar kashi 10 cikin ɗari, wato a kowace mita ɗari motar na sauka mita goma. Mota mai nauyin tan da yawa idan aka dogara da birki kaɗai a irin wannan wuri, birkin yakan yi zafi har a ji ƙauri cikin mota, daga nan ya daina kamawa. Direbobin da suka saba suna saka ƙaramar giya tun kafin gangarar ta fara, su bar injin ya riƙe motar, suna taɓa birki da ƙarfi na ɗan lokaci su saki. Da yawa daga masu manyan motoci kuwa zagayawa suke yi ta garin Alpine su bi bakin kogin Snake, ko da ya fi nisa. Ita ma Beartooth Highway da ke shiga Yellowstone ta arewa maso gabas, mai kaiwa ƙafa 10,947, kyakkyawa ce ƙwarai, amma lanƙwasoshinta sun fi dacewa da ƙaramar mota.

A nan ne Google ke da amfaninsa. Bayan manhajar manyan motoci ta ba ka hanya, ka zauna gaban kwamfuta ka bi wuraren da kake shakka da Street View, wato hotunan tituna da ke cikin Google Maps, ka ga faɗin titin da idonka, ka ga ko gidan man da ka yi niyyar tsayawa yana da filin juyawa. A Google Earth na kwamfuta ana iya zana hanya a duba hawa da saukarta a jadawali guda, wanda zai nuna maka inda gangara take tun kana gida.

Tambaya: An ce mini babu sabis na waya a yawancin waɗannan wurare. To yaya taswira za ta yi aiki?

Amsa: Gaskiya aka faɗa miki, Hajiya. A Yellowstone sabis yana tsayawa ne kusa da wasu 'yan wuraren da jama'a ke taruwa, kuma a tsakiyar Glacier kusan babu shi. Amma GPS daban yake da sabis na kamfanin waya, domin wayar tana karɓar saƙo ne kai tsaye daga taurarin ɗan Adam, don haka za ta san inda kike ko da babu layi. Abin da ba za ta iya ba shi ne sauko da hoton taswirar, shi ya sa ake sauke shi tun a gida. Ki sauke taswirar jihohin Kolorado da Wyoming da Idaho da Montana a wayoyi biyu. Ki kuma sauke manhajar hukumar gandun daji ta ƙasa, NPS App, ki shiga kowane gandun da za ku je ki danna wurin adana shi don amfani ba tare da intanet ba.

Matsalar taswirar da aka sauke ita ce ba ta san abin da ya faru jiya ba. A watan Yunin 2022 ambaliya ta cinye hanyar shiga Yellowstone ta arewa tsakanin Gardiner da Mammoth, a watan Yunin 2024 kuma wani ɓangare na hanyar mashigin Teton ya zaftare. Dusar ƙanƙara tana iya rufe Trail Ridge Road na wasu sa'o'i ko a tsakiyar lokacin zafi, kuma hanyar kanta ba a saba buɗe ta ba sai ƙarshen watan Mayu, a rufe ta a watan Oktoba. Saboda haka duk safiyar da kika samu sabis, ki duba shafin gandun da manhajar hanyoyi ta jihar, kamar COtrip a Kolorado da Wyoming 511, kafin a tayar da mota. Taswirar takarda da ake bayarwa a ƙofar shiga kada a jefar da ita.

Don gaggawa, iPhone 14 da waɗanda suka biyo bayanta suna iya aika saƙon neman agaji ta tauraron ɗan Adam idan sararin sama a buɗe yake, kuma na'urar Garmin inReach tana yin wannan aiki da kuɗin wata. Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan Adam, yana aiki da ƙarfi a daji, sai dai farantinsa na buƙatar ganin sama, alhali yawancin sansanonin gandun suna ƙarƙashin dogayen itatuwa ne.

Tambaya: Na shiga Recreation.gov, shafin gwamnati na kama wuri a sansanonin gandun daji, ina neman wurin kwana a watan Yuli, na tarar duk an kama. Akwai dabara?

Amsa: Yawancin sansanonin da ke wannan shafi ana sakin wurarensu ne wata shida kafin ranar, kuma waɗanda suka fi farin jini suna ƙarewa cikin mintuna, musamman wurare masu tsawo da ba su da yawa. Wanda yake son Yuli tun Janairu yake zama gaban kwamfuta, ya riga ya buɗe asusu, ya shigar da katin biya, ya kuma rubuta lambobin wurare uku ko huɗu da motarsa za ta shiga. Tunda ka makara, ka riƙa leƙawa a kai a kai, domin mutane suna fasawa, musamman idan ranar ta matso. Kada ka kama wurin da tsawonsa bai kai na motarka ba da fatan za a yi maka sassauci, kuma idan kana jan ƙaramar mota a baya ka haɗa da ita a lissafi. A Yellowstone wasu manyan sansanoni ba a wannan shafi ake kama su ba, ta shafin Yellowstone National Park Lodges ake bi, ciki har da Fishing Bridge, wanda shi kaɗai ne a gandun yake da wuta da ruwa da bututun zubar da ƙazanta a kowane wuri. Ka kuma duba ko gandun na buƙatar tikitin shiga mai lokaci, tsarin da Rocky Mountain ya fara a 2020, domin ƙa'idojin sukan sauya daga shekara zuwa shekara. Duk takardar da ka samu ka ɗauki hotonta a waya, saboda a bakin ƙofa mai yiwuwa babu sabis da za ka buɗe imel.

Tambaya: Manhajar alƙibla takan rikice mini idan ina cikin babbar mota. Me ke jawo haka?

Amsa: Manhajar tana dogara da kamfas ɗin da ke cikin wayar, shi kuma ƙarfen motar da wayoyin lantarki da maganaɗisun lasifika suna karkatar da shi. Ka fita ka yi taku goma daga motar, ka cire rigar wayar idan tana da maganaɗisu, ka juya wayar a iska kamar kana rubuta lamba 8, sa'an nan ka duba. A waɗannan jihohi alƙibla tana arewa maso gabas. Lokutan salla kuma lissafi ne da manhajar ke yi daga wurin da kake, ba ya buƙatar intanet, amma ka tabbata ta sabunta wurin, domin a Glacier a ƙarshen watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara da rabi na dare, kuma wayar da ta tsaya a kan Denver za ta kira maka magariba rana tana sama.