Amsa ga 'yar uwa mai son kai Mama yawon jirgin ruwa

Assalamu alaikum. 'Yar uwa, kin ce kina son ki kai Mama hutu a babban jirgin ruwan nan da ke zagaya Bahar Rum, tana da hawan jini da ciwon suga, kuma ejan ya ce ki kwantar da hankalinki, akwai asibiti a cikin jirgin, inshorar da aka yi don biza kuma ta ɗauke komai. Wallahi ina isowa wurin "ta ɗauke komai" gabana ya faɗi. Abin da aka gaya mini ke nan, babu ragi babu ƙari. Ki yi haƙuri da tsawon rubutun, ba zan iya gani in wuce ba.

Ba zan ce kada ku tafi ba, tsofaffi ma suna da yawa a irin jiragen nan, wasu har da keken guragu. Amma abin da suke kira asibiti a ciki, wurin riƙe mutum ne kafin a kai shi tudu. Akwai likita, akwai nas-nas, akwai iskar oksijin, na'urar awon zuciya, hoton ƙirji, gwajin jini na gaggawa da 'yan gadaje. Ba a babbar tiyata, kuma namu dai babu na'urar hoton ƙwaƙwalwa, wadda ita muka fi buƙata a ranar.

Ni da maigida muka tafi. Daga Basalona ta Sifaniya jirgin ya tashi, ya tsaya Marsel ta Faransa, ya tsaya Jenowa ta Italiya, da tashar da ake sauka a shiga birnin Rum, sai Palamo, sai tsibirin Malta. Daga Malta zuwa komawa Basalona akwai yini guda cur da ba a tsayawa ko'ina, ruwa gaba ruwa baya. A wannan yinin Allah ya jarabce mu. Maigida yana da hawan jini, yana ganin likitansa a asibitin koyarwa nan Sakkwato, yana shan maganinsa. Mun idar da sallar asuba yana zaune bakin gado yana lazimi, sai na ji carbi ya faɗi ƙasa. Ya miƙa hannun dama zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya sake miƙawa, yatsun suna shafar carbin ba su kama shi. Na ce Alhaji lafiya? Ya ɗago zai amsa, na ga bakinsa ya karkace, maganar tana fita a cakuɗe ban gane ko kalma ɗaya ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lambar gaggawa tana rubuce jikin wayar ɗaki. Don Allah ranar da kuka shiga ki duba ta, ki nuna wa Mama ita ma. Nas biyu suka zo da keke, aka gangara da shi can ƙasan jirgi inda asibitin yake. Abin farko da suka yi shi ne tsira masa allura a yatsa su auna suga, domin faɗuwar suga tana iya kama da shanyewar ɓarin jiki sak. Wannan ya shafe ki kai tsaye tunda Mama mai suga ce. Nasa lafiya lau. Sai likitan ya tsare ni da tambaya ɗaya, yana ta maimaitawa: ƙarfe nawa kika gan shi garau na ƙarshe? Daga baya ya yi mini bayani. Ciwon iri biyu ne, ko jini ya daskare ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe. In toshewa ce akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, amma galibi cikin awa huɗu da rabi daga farawar ciwon ake yin ta, kuma in aka yi wa wanda jijiyarsa ta fashe, an ƙara masa zubar jini. Ba a iya bambancewa sai da hoton ƙwaƙwalwa. Shi ke nan, dole a fitar da shi daga jirgin. Ina da ruwan zamzam a jaka na ɗauko in ɗiga masa, nas ɗin, 'yar Filifin ce, ta riƙe mini hannu a hankali ta ce kada komai ya shiga bakinsa, maƙogwaro yana iya kasa haɗiya ruwan ya wuce huhu. Ta bar ni na shafa masa a fuska.

Fitar da mara lafiya ba a hannunki yake ba, ba kuma a hannun likita shi kaɗai ba. Likita yana gaya wa kyaftin, kyaftin yana magana da masu tsaron gaɓar teku na ƙasar da ta fi kusa, su duba nisa da iska su ga ko jirgi mai saukar ungulu zai iya isowa. Mu Allah ya taimake mu muna kusa da tsibirin Sadiniya na Italiya, aka karkata jirgin wajen. Aka kwashe mutane daga saman jirgin, aka ɗaure kujeru. Ni na ɗauka sauka zai yi mu shiga tare. Ashe tsayawa yake a sama, ya sako mutum da igiya, a ɗaure mara lafiya a wani ƙaramin gado a ja shi. Suka ce ni ba zan bi ba, babu wuri, doka ce. Na yi kuka, na roƙe su da Turancin da na iya da wanda ban iya ba, na ce mutumin nan ba ya iya magana, ba ya jin yarensu, wa zai faɗi sunansa, wa zai laƙƙana masa kalmar shahada in abin ya zo? Suka ce in yi haƙuri. Na sa fasfonsa da takardar magungunansa cikin leda aka cusa a ƙarƙashin ɗamarar da aka ɗaure shi da ita. Ta bayan gilashi na tsaya ina kallo ana jan mijina sama, gadon yana juyawa cikin iska, ƙarar ta cika kunne, ga wasu fasinjoji sun ɗaga waya suna ɗaukar bidiyo. Har yau in na ji ƙarar jirgi mai saukar ungulu ya ratsa saman gari sai cikina ya juya.

Jirgin ruwan kuwa ya ci gaba da tafiyarsa, don ba zai tsaya saboda mutum ɗaya ba. Yini da kwana ina ciki ni kaɗai har Basalona, ana kiɗa ana cin abinci, ni ban san ko yana raye ba. A tsakiyar teku layin waya ba ya aiki, in ma ya kama ta tauraron ɗan'adam yake bi, kuɗin ya cinye katin cikin ɗan lokaci. Sai da na sayi intanet na jirgin kafin na iya sanar da yara. Ma'aikatan teburin karɓar baƙi, Allah ya saka musu, su suka riƙa kira mini asibitin Kaliyari, birnin Sadiniya da aka kai shi, suna fassara. Da dare na haɗa kayansa, hularsa, takalmansa, agogonsa, ina ninkewa ina tunanin in ya rasu a can wa zai yi masa wanka, a ina za a binne shi, me zan gaya wa mahaifiyarsa.

To a wannan halin na kira ejan. Mutumin da ya zo har falona ya sha fura, ya ce Hajiya ku dai ku shirya jaka, sauran nawa ne. Kira na farko ya ɗauka, ya yi salati, ya ce in ba shi minti goma. Daga nan waya a kashe. Ɗana ya je ofishinsa aka ce ya tafi Abuja. Na kira lambar da ke jikin takardar inshorar da kaina, wata mata ta karanto mini abin da aka saya da sunanmu: mafi arha ce, wadda ake yi don kawai a cika sharaɗin biza. Dokar bizar Shengen, wato biza ɗaya da ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, tana neman inshorar da ta kai aƙalla Yuro 30,000, to tamu ta kai, shi ya sa aka ba mu biza. Amma a cikin ƙananan rubutun an cire tafiyar jirgin ruwa, an kuma cire duk ciwon da mutum yake da shi tun kafin tafiya. Abin da ya fi ƙona mini rai, akwai gurbin da ake tambaya ko matafiyi yana da wata cuta, an cike "babu". Ni da bakina na gaya masa maigida yana da hawan jini, har na tambaye shi ko za a sa a takarda, ya ce ba sai an sa ba, zai ƙara tsada ne kawai. Kuɗin da ya karɓa a hannunmu kuwa na cikakkiyar inshora ne. Bayan mun dawo ya zo dubiya da ledar lemo, yana cewa ƙaddara ta riga fata. Na yarda da ƙaddara, ciwon daga Allah ne, amma cike takardar ƙarya da kashe waya hannunsa ne ya yi. Ban ce masa komai ba saboda idon maigida. Har gobe yana sa tallar tafiye-tafiye a waya, mutane suna tura masa kuɗi. Na bar shi da Allah, ban yafe ba.

Ga kuma dangi. Wata daga cikinsu, ina tsaye a barandar asibiti a ƙasar mutane, ta turo mini saƙon murya: "Mi ya kai ku bisa ruwa? Da Umara kunka tai da wanga abu bai faru ba." Kamar a Makka ba a ciwo. Ki shirya wa irin wannan maganar ke ma, za ta zo ko da Mama mura kawai ta yi.

Maganar kuɗi, ki sani ba a duba mutum kyauta a jirgi. Ganin likita, ƙarin ruwa, kowane gwaji, duk ana ɗorawa kan asusun ɗakinku da Yuro ko dala, ki biya kafin ki sauka, daga baya ki nemi inshora ta mayar miki in ta yarda. Inshorar lafiya ta gida ba ta aiki a can. Mu ba a nemi kuɗin jirgin da ya ɗauke shi ba, amma asibiti, masauki, tikitin komawa Sadiniya, da sabon tikitin gida, duk daga aljihu. Ki tafi da katin asusun dala mai kuɗi a ciki, kada ki dogara da na naira. Kamfanin jirgin sama ma ba ya ɗaukar wanda ya yi irin wannan ciwo sai likita ya cike musu takardar cewa zai iya tashi, kuma ba a rana ɗaya ake ba da ita ba. Bizarmu ta kusa ƙarewa, sai da na kai takardar asibiti ofishin 'yan sanda mai kula da baƙi aka ƙara mana kwanaki. Wasu 'yan Senegal da na haɗu da su a masallaci su suka raka ni, matar ɗayansu tana kawo mini shinkafa da kifi. Allah ya biya su da Aljanna.

Alhamdulillahi toshewa ce, kuma an isa da shi cikin lokaci. Yanzu yana tafiya da ƙafarsa, yana zuwa gashi, maganar ta dawo sai ɗan nauyin harshe in ya gaji.

Kafin ki biya ko sisi ki kai Mama wurin likitanta ki gaya masa jirgin ruwa ne. Ya rubuta takarda da Turanci, cutukanta da ainihin sunayen magungunan da adadin da take sha, don sunan da ke jikin kwali a nan ba lallai su san shi a can ba. Maganin ya zauna a jakar hannu cikin kwalinsa, da ƙari na mako guda ko biyu, saboda manyan akwatuna sai bayan awanni ake kawo su ɗaki. Na'urar awon suga da ta jini su ma a hannu. Ki sa mata ido wurin abinci, teburin a buɗe yake kusan yini duka, gishiri da zaƙi ba a magana. Ki zaɓi hanyar da jirgi ke tsayawa gari kusan kullum. Ki duba ko akwai Tunis ta Tunisiya, wadda ba ta cikin Shengen, a cikin zangon, don in kun fita Shengen da bizar shiga sau ɗaya, dawowa matsala ce. Kuma don girman Allah kada ku tafi ku biyu kawai, ki ɗauki ƙaninki ko wani babba, in an ɗauke Mama a samu mai bin ta da mai kula da kaya da takardu. Inshorar kuwa ki karɓa ki karanta da idonki, ko ki ba wanda ya iya ya karanta miki. Ki ga an rubuta jirgin ruwa, an rubuta hawan jini da suga, an rubuta ɗaukar mara lafiya da mayar da shi gida. In ejan ya ce ba sai an sa ba, ki tashi ki bar masa ofishin.

Wanke hannu da sabulu ki ɗauke shi da muhimmanci, ciwon amai da gudawa yana yawo da sauri a jirgi, ga mai suga kuwa rashin ruwa a jiki ba wasa ba ne. Atisayen sa rigar ceto daga nutsewa da ake yi kafin tashi kada ku ƙi zuwa, tun bayan kifewar jirgin ruwan Costa Concordia a gaɓar Italiya a 2012, inda mutum 32 suka rasu, aka tsaurara shi.  Ɗaki ki nemi na tsakiya kusa da lif, ya fi rashin jijjiga. Alƙibla tana sauyawa da juyawar jirgi, talabijin ɗin ɗaki yana nuna inda aka dosa, da shi muke kintata.

Ba ki faɗa ba, Mama ƙwaya take sha ko allurar insulin take yi? In allura ce ki sanar da kamfanin tun yanzu a rubuce, su tanadar muku wurin sanyaya ta da kwandon zubar da allura, don ƙaramin firij ɗin ɗaki ba kowane ne ke yin sanyin da ake so ba. Ki amsa mini wannan, da kuma ko ta taɓa faɗuwa ko an taɓa kwantar da ita a bana.