Ƙanwata, ajiye takardar canjin sashen nan tukuna

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun bayan la'asar na ga tambayar ƙanwarmu da ta ɓoye sunanta. Na karanta na wuce, na dawo na sake karantawa, sai yanzu da yara suka yi barci na samu natsuwar amsawa. Ta ce tana aji biyu a makanikal, wato sashen injiniyan injuna a jami'a, su uku ne mata a ajin, ɗaya ta riga ta koma kimiyyar kwamfuta, ita kuma ta faɗi zanen injiniya da lissafi. A gida ana ta ce mata dama ba karatun mace ba ne, shi ne take tambaya ko ta canja sashe tun lokaci bai ƙure ba.

Ƙanwata, wallahi kamar ke kika shiga kaina kika kwaso. Har darasin ɗaya ne.

Mu huɗu ne mata a ajinmu. Malamin zanenmu, ba zan faɗi sunansa ko makarantar ba, yana da wata ɗabi'a ta kaɗa makullin mota a yatsa yana zagaya tebura. Ranar an ba mu wani ƙarfe mai rami biyu, aka ce mu ƙaddara an yanka shi tsakiya, mu zana abin da ido zai gani a ciki. Na kwana uku a kan takardar nan. Na goge, na goge, har ta kusa hujewa. Da ya iso teburina sai ya tsaya, ƙarar makullin ta ɗauke. Ya cire takardar daga kan allon, ya ɗaga ta sama da yatsu biyu kamar ya tsinci tsumma, ya ce, "Hajiya, nan fa ba wajen zanen lalle ba ne." Aji ya ɗauka gaba ɗaya. Har wanda nake ara wa fensir kullum sai da ya buga tebur don dariya. Bai nuna mini inda na kuskure ba, ko layi ɗaya. Ya saki takardar ta faɗi ƙasa, ni na durƙusa na ɗauka.

Daga ranar sunana ya koma Mai Lalle. In zai kira rajista, haka yake kira. In na ɗaga hannu sai ya ce a saurara, Mai Lalle za ta yi mana kwalliya. Na daina ɗaga hannu, ba a ajinsa kaɗai ba, a kowane aji. Kuma ba ni kaɗai na faɗi darasin ba, maza sun fi ashirin da suka faɗi. Amma su kowa faɗuwarsa tasa ce. Tawa kuwa ta zama hujja a kan mata duka. Har yau in na ji ana kaɗa makulli a bayana sai gabana ya faɗi, ni da na haura arba'in. Abin takaici, bayan shekaru na haɗu da mutumin nan a wani taron injiniyoyi, ya riƙa nuna ni ga mutane yana cewa, "Ai ɗalibata ce, ni na horar da ita." Na yi murmushi kawai, na gaishe shi don girman furfura. Na yafe, amma Allah ya sani ban manta ba.

To, na karɓo takardar canjin sashe, na cike, na sa ta ƙarƙashin katifa ina jiran Litinin. A masallacin mata wata yaya 'yar aji huɗu a sibil, sashen injiniyan gine-gine da hanyoyi, ta same ni ina kuka bayan magariba. Ba ta yi mini wa'azi ba. Cewa ta yi in biyo ta ɗaki. Ta ɗauko sabulun wanki da reza, ta sassaƙa siffar ƙarfen nan, ta huda ramukan da bakin biro, ta yanka shi biyu ta miƙo mini, ta ce, "Zana abin da kike gani." Ƙanwata, minti goma. Abin da na kwana uku ina yi wa kuka. Ashe ba kaina ne ba ya ja ba, ban taɓa riƙe abu na juya shi na leƙa cikinsa ba ne. Yayyena maza sun tashi suna kwance keke da rediyo, suna ƙera motar langa-langa, ni ana cewa in bar wasan maza. Sati shida muna yanka sabulu da dankali, 'yan ɗakinta har sun fara ƙorafin ɓarna.

Sai da na fara koyarwa, shugaban sashenmu ya ɗora mini binciko dalilin da ɗalibanmu mata ke ɓacewa bayan shekarar farko, sannan na gano cewa a Amurka an daɗe ana nazarin wannan abu. Akwai wata farfesa, Sheryl Sorby, ta jami'ar fasaha ta Michigan. Ita ma gwana ce a lissafi, amma zanen injiniya ya kusa korar ta. A 1993 ita da abokiyar aikinta suka buɗe wani ɗan gajeren kwas na koya wa sababbin ɗalibai juya siffa a cikin kai, kuma matan da suka yi kwas ɗin sun fi zama a injiniya har ƙarshe. Da na karanta sai na yi dariya ni kaɗai a ofis, na ce wannan ai sabulun yaya ne aka yi wa manhaja.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Elaine Seymour da Nancy Hewitt, da ya fito a 1997. Sun zauna da ɗalibai 335 a jami'o'i bakwai, duka waɗanda suka shigo da maki mai kyau a lissafi, wasu sun bar kimiyya da injiniya, wasu sun zauna. Kowa ya ɗauka raunana ne ke fita. Sai suka tarar babu wani bambancin ƙwaƙwalwa tsakanin masu fita da masu zama. Kukansu ma iri ɗaya ne: koyarwa marar kyau, tulin darussa a guje, da malaman da ke alfahari da yawan waɗanda suka kayar. Masu zaman sun samu dabarar jurewa ne, kuma sau da yawa wani ne ya tare su daidai lokacin da suke bakin ƙofa. Ni dai tawa a masallaci ta tare ni.

Batun lissafin da kika faɗi ma, wani bincike na 2016 ya nuna bayan kalkulas na farko, wato darasin lissafin shekarar farko a jami'a, mace ta fi namiji yiwuwar barin fannin da ninki ɗaya da rabi, kuma abin da ya fi rinjaye shi ne rashin yarda da kai, ba rashin iyawa ba. Kin san maza. Namiji zai ci arba'in da biyar ya fito yana cewa malam ne mugu. Ke ki ci hamsin da biyar ki kwana kina tunanin ko kin yi kutse ne.

Ki nemi yaya. Da gaske nake, gobe. A jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Tara Dennehy da Nilanjana Dasgupta sun ɗauki mata 150 sababbin shiga injiniya, aka yi musu ƙuri'a: wasu aka haɗa su da ɗaliba babba mace, wasu da ɗalibi namiji, wasu ba kowa. Haɗuwar ma kamar sau ɗaya ce a wata. A sakamakon da suka fitar a 2017, waɗanda aka ba mace babu ko ɗaya da ta fita a shekarar farko. Masu namiji kashi 82 cikin ɗari suka rage, marasa kowa kashi 89. Mazan zauren nan kar ku taso mini, ba a ce kun yi sakaci ba. Abin da aka gani shi ne, ba maki ne ya riƙe yaran ba, jin cewa nan ma wajensu ne, da ganin wata mai kama da su ta haye. In babu mace a makanikal aji huɗu ko biyar, ki je sibil, ki je lantarki. Ki tambayi inda 'yan APWEN suke a garinku, ƙungiyar mata injiniyoyi ce tun 1982. Masu cewa ba karatun mace ba ne kuwa, ki gaya musu a 2024 mace, Margaret Oguntala, ta hau shugabancin ƙungiyar injiniyoyin Najeriya baki ɗaya.

Af, kuma kar ki yarda a aikin rukuni su maishe ki sakatariya. "Ke rubutunki ya fi kyau, ki riƙe mana rahoto." Ƙarya ne, wayo ne. Haka na gama aji biyu ban taɓa kunna injin feƙe ƙarfe da hannuna ba, ina gefe da biro. Mai kula da wokshop yana cewa hijabina zai naɗe a injin. Gaskiyarsa ta nan, haɗari ne sosai, amma maganinsa ƙaramin hijabi da za ki cusa cikin rigar aiki ki ja zif har wuya, ba a tura ki bakin ƙofa ba. Ki riƙe magagari, ki yi walda, ki ƙona yatsa kamar kowa.

Kuma ba mata kaɗai abin ke ci ba, shi ya sa raina ke ɓaci in ana maganar kamar rigimar mata ce. Akwai wani yaro a ajinmu daga makarantar gwamnati ta ƙauye, duk ajin ba mai kama ƙafarsa a lissafi, amma Turanci ya yi masa katanga. Sau ɗaya ya yi tambaya aka kwaikwayi yadda ya furta kalma, bai ƙara ba. Kullum shi kaɗai a bayan laburare da kyandir ɗinsa, ba ya shiga tutoriyal don kunya. A aji uku aka tafi dogon yajin aiki, aka dawo babu shi. Na ji yana gyaran janareta a kasuwa, sana'a ce mai albarka, amma wallahi yaron nan farfesa ne aka yi asara. Wani malamin lissafi a jami'ar Berkeley ta Amurka, Uri Treisman, ya bi ɗalibai baƙar fata 20 da 'yan asalin Sin 20 a shekarun 1970, don ya ga me ya sa kalkulas ke kayar da na farkon. Ba lalaci ya gani ba, suna karatu tuƙuru, amma kowa shi kaɗai a ɗaki. Su kuwa 'yan Sin bayan karatun kaɗaici sai su taru da yamma, su ci abinci, su duba aikin juna, su gano in tambaya ce mai wuya ga kowa. Duk sanda na tuna wannan sai yaron nan ya faɗo mini, da ni kaina da ban taɓa ce masa ya zo mu yi tare ba. Ina can ina jinyar nawa ciwon.

Su can Amurka ba su da yajin aiki na wata takwas irin na 2022, ba su da gwaggo mai lissafa miki shekara biyar da bautar ƙasa tana cewa sa'anninki sun yi 'ya'ya biyu. Wannan namu ne, kuma yana da nauyi, ban raina shi ba. Ban kuma ce fita zunubi ba ne. Cikin mu huɗun nan ɗaya ta koma lissafin kuɗi, tana nan lafiya lau, ta ma fi ni albashi. Ita injin ne ba ta so tun asali, babanta ya cike mata JAMB. Ke fa? In kika ga an buɗe cikin injin mota, ƙafarki na tsayawa ko wucewa take yi? In tana tsayawa, to ajin ne ya ishe ki da mutanen cikinsa, kuma kariyoba biyu a aji biyu ana gyara su, ni uku na ɗauka.

Ki yi istihara, amma kar ki kai takardar nan a satin da sakamako ya fito. Ki ba admin saƙo ya haɗa mu, ki ɗauko mini hoton zanen da kika faɗi da tambayoyin lissafin bara. Ki kuma jawo ɗayar da ta rage a ajinku, na tabbata ita ma tata takardar na ƙarƙashin katifa. Ku sayi sabulu sanda biyu da sabuwar reza kafin Asabar.