Takalmin hawan Gangirwal: amsar Kawu

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma mun gaisa. Ka ce ku da abokanka za ku gandun dajin Gashaka Gumti ta garin Serti, ku yi kwanaki a ƙafa har ku hau Gangirwal, dutsen da ya kai mita 2,419. Kana tambaya wai gaskiya ne mutanen zamanin da sukan rataya takalmi a sanda su tafi ƙafa ba komai, in haka ne me zai hana ka yi koyi da su, ko ka sayi kambas ɗin gudu mara nauyi ka huta da but ɗin soja. Na yi dariya, daga baya kuma abin ya dame ni. Kai da ko masallacin unguwa sai a babur?

Eh, suna ratayawa. Amma a ƙuruciyarmu mun tarar da sauran masu fatauci da jakuna, kuma ƙafarsu daban ce da taka. Kantar tafin ƙafarsu ta kusa kaurin fatar ƙirgi. In ayari ya sauka zango da la'asar, kafin a ɗora tukunya sai an duba ƙafa. Mutum ya jingina da mangala, ya wanke ƙafar, ya ɗora ta kan gwiwa, ya zaro matsefata daga ɗamara. Yana danna wurin da babban yatsa har ya ji inda ya soke shi, ya ɗan buɗe fatar, ya kamo kan ƙayar, sai ka ga ta fito baƙa, siririya. Sannan a cusa man kaɗanya cikin faso. Takalmin fata kuwa ana adana shi don wurin tsidau da tsakuwa mai zafi, da kuma shiga gari cikin mutunci. Tattali ne, don takalmi ɗaya ake so ya kai mutum ya dawo da shi.

Iyayenmu sukan ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yaran yanzu kuwa sai ana gobe tafiya za a shiga waya a zaɓi takalmi saboda launinsa.

Kambas ɗin da ake yi don gudu a daji, irin na kamfanin Salomon ko Hoka, ƙafa ɗaya ba ta cika wuce giram 300 ba, but kuwa yakan ninka haka, kuma kowane taku sai ka ɗaga nauyin. Amma kada ka ruɗe da na gudu a kwalta, shi ƙasansa sumul yake. Juya takalmin ka duba: haƙoran robar su kai milimita 4 zuwa 5, da tazara tsakaninsu don laka ta riƙa zubewa. Ka murɗe shi kamar mai matse wanki. In ya murɗu cikin sauƙi, kowane dutse zai gaisa da tafin ƙafarka.

Gwaji da yamma ake yi, lokacin da ƙafa ta kumbura, da safar da za ka yi tafiyar da ita. A tsaye, faɗin babban yatsan hannu ya rage tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin, ko da zai kai ka ƙara rabin lamba. Ba a hawa ake gane amfanin wannan ba, sai a gangara, inda yatsu ke dukan gaba har farce ya yi baƙi ya fita. Dunduniya kuma kada ta riƙa ɗagawa, nan bororo ke farawa. Ramin igiya na ƙarshe da kuke bari a banza don haka aka yi shi: ka yi hanci a kowane gefe, ka zura igiyar ɗaya gefen a ciki, ka ja.

Kar ka biye wa takalmin da aka ce ruwa ba ya shiga. Akwai rafuka a hanyar, ruwa ta sama zai shiga ya rasa mafita. Mai raga yakan bushe kana tafe, ko da yake yashi na kutsawa. Safar auduga tana riƙe gumi ta jiƙa fata, ka nemi ta ulu ko ta roba, biyu ko uku, kana sauyawa.

Na san gwanjo za ka nufa. Araha ba ta ado, in ji manya. Irin wannan takalmi sosonsa kan mutu bayan kilomita 500 zuwa 800 ko da samansa na ƙyalli, kuma gam ɗin da ya daɗe a dila yakan saki a tsakiyar daji. Ka lanƙwasa shi ka duba gefe ko ya buɗe baki.

In kayan bayanka sun haura kilo 12, ko idon sawunka ya saba targaɗe, mara nauyin ba naka ba ne. Ka kuma tuna ba ya kare ka daga maciji, a ciyawa sanda ce gaba, kuma ka kakkaɓe shi da safe kafin ka zura ƙafa saboda kunama.

Ka saya yanzu, ka yi sati uku kana zuwa aiki da shi a ƙafa da jaka a baya, sannan mu yi maganar rataya takalmi a sanda. Mahaifiyarka ma ta san da wannan tafiya kuwa?