Fatawa: Mijina ya dawo daga hannun 'yan bindiga, amma har yau bai dawo daidai ba

Tambaya: Malam, an sako maigidana wata biyar ke nan. Ƙarar babur kaɗai sai ka ga jikinsa na ɓari. Da dare yakan farka da ihu, ya daina zuwa jam'in Isha da Asuba. Danginsa sun ce rashin tawakkali ne, wasu sun ce aljanu. Ya halatta in kai shi asibiti?

Amsa: Bismillah. 'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri.

Abin da kika bayyana ciwo ne sananne wajen likitocin ƙwaƙwalwa, firgicin da ke biyo bayan masifa. Hatsarin ya wuce, amma jiki bai yarda ya wuce ba: mugayen mafarkai, zabura, gudun duk abin da ke tuna masa daji. In ya haura wata guda yana hana mutum harkarsa, magani yake buƙata.

Wannan ba raunin imani ba ne, kuma raina yana ɓaci in na ji ana jifan majinyaci da haka. Annabi Yaƙub ya ce "haƙuri mai kyau", duk da haka idanunsa suka yi fari don baƙin ciki, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf. Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, ya musulunta, Manzon Allah (SAW) ya karɓi musuluncinsa, amma ya nemi ya riƙa kawar masa da fuskarsa. Bukhari ya ruwaito. To wa zai zargi mijinki don zuciyarsa na tsinkewa da abin da ke tuna masa azaba?

Kai shi asibiti halal ne, domin Annabi (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. In har ya fara zancen halaka kansa, ya zama wajibi, a yau ba gobe ba. Akwai asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Ruƙiyya da Alƙur'ani da azkar su tafi tare da magani. Amma dukan majinyaci ko ɗaure shi da mari da sunan cire aljani zalunci ne, haramun.

Batun jam'i kuwa, malaman fiƙihu sun lissafa tsoro da rashin lafiya cikin uzurori. Ya yi sallarsa a gida babu laifi, ya fara komawa da Azahar da La'asar tare da wanda ya amince da shi. Kada a tilasta shi ba da labarin daji a gaban 'yan jaje.

Wallahu a'alam.